Ƙato ya tsare ƙato: abin da dabarar tsaron ƙwallon Amurka ke faɗa wa matasan Gwarzo da Kabo

A ranar 28 ga Janairun 2024, ƙungiyar Baltimore Ravens ta karɓi baƙuncin Kansas City Chiefs a wasan da zai tantance wadda za ta je Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL ta Amurka. A wannan kaka babu ƙungiyar da aka ci maki kaɗan kamar Ravens, kuma ginshiƙin tsaronta shi ne Kyle Hamilton, matashi mai tsawon mita 1.93 da nauyin kilo kusan 100. Aikin irinsa ne hana 'yan wasa kamar Travis Kelce na Chiefs sakat. Amma tun a zubin farko na wasan Patrick Mahomes ya jefa wa Kelce ƙwallo ta bayan kafaɗa, Hamilton na manne da shi, ya cafe ta a cikin gidan Ravens. Kafin a tashi an jefa wa Kelce ƙwallo sau 11, ya cafe duka, ya tara yadi 116. Chiefs ta yi nasara da maki 17 da 10.

Duk da haka Ravens ba ta sauya ra'ayi ba. A watan Agustan 2025 ta sabunta kwantiragin Hamilton na shekara huɗu a kan dala miliyan 100.4, kuɗin da ba a taɓa ba wani mai buga gurbinsa ba kafin nan. Sauran ƙungiyoyi kuma suka ci gaba da neman samari masu irin ƙirarsa.

Mai karatu a Lakwaya, ko a Getso, ko a garin Kabo, inda gidajen kallo suka fi sanin Firimiya da Laliga, yana iya tambayar ina ruwansa da wannan. Ruwansa shi ne, farautar irin wannan jiki ta riga ta iso Najeriya. NFL ta kafa sansanin zaɓen 'yan wasa a Legas a 2024, kuma wani reshe na wasan zai shiga gasar Olamfik a 2028. Wanda ya fahimci abin da ake nema a wurin mai tsaro irin Hamilton, zai gane abin da ake saye daga ƙasar nan, da abin da aka kasa shukawa a cikinta.

Matsalar da ake son magancewa

A ƙwallon Amurka kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci, a sake ba su huɗu. Hanya biyu ce: ko a miƙa wa mai gudu ƙwallo ya kutsa ta tsakanin ƙarti, ko majefi ya wurga ta gaba wani ya cafe. A gaban majefi akwai sahun ƙarti biyar da ke kare shi. A bakin wannan sahu ne ake ajiye wani ɗan wasa da a can ake kira tayit-end, wato ɗan bakin sahu. Aikinsa biyu ne. In gudu za a yi, ya ture mutane kamar ƙartin sahu. In jifa za a yi, ya fita fili ya cafe ƙwallo.

A da, turewar ce ta fi yawa a aikinsa. Daga baya aka samu irin su Tony Gonzalez da Antonio Gates, waɗanda suka fito daga ƙwallon kwando, suka zo da dabarar tare abokin gaba da ƙirji da tsalle sama da kowa. Gates ko ƙwallon Amurka bai buga a jami'a ba. Sai Rob Gronkowski, mai mita 1.98 da kilo kusan 120, wanda a 2011 ya tara yadi 1,327 ya kuma cafe ƙwallo a gidan abokan gaba sau 17. Kelce, mai mita 1.96 da kilo 113, ya yi kaka bakwai a jere, daga 2016 zuwa 2022, yana haura yadi dubu. A 2024 Brock Bowers na Las Vegas Raiders ya cafe ƙwallo 112 a shekararsa ta farko.

Su kuwa masu tsaro an saba raba su gida-gida. Akwai masu tsaron tsakiya, masu nauyin kilo 105 zuwa 110, waɗanda aka horar don tare mai gudu. Akwai masu tsaron gefe, marasa nauyi, masu gudun tsiya, waɗanda ke bin masu cafke. Can baya kuma akwai mutum biyu da ake kira sefti, masu gadin baya, waɗanda in an wuce su an wuce kowa.

To, wa zai bi ɗan bakin sahu irin Kelce? In an tura mai tsaron tsakiya, zai bar shi a baya da gudu da kwana. In an tura mai tsaron gefe, zai fi shi tsawo da taƙi guda da nauyin kilo 25, ya tare shi da jiki ya cafe ƙwallo a saman kansa. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san wannan ciwon kai a wurin Erling Haaland: ɗan bayan gefe ba zai iya kokawa da shi ba, ƙaton ɗan bayan tsakiya kuma ba lallai ya kamo shi a guje ba.

Akwai tarko na biyu, kuma shi ya fi damun masu horarwa. Ana sauya 'yan wasa tsakanin bugu da bugu. Masu hari su shigo da 'yan bakin sahu biyu. In masu tsaro suka amsa da manyan mutane, sai a jefa ƙwallo. In suka amsa da ƙananan masu gudu, sai a taka su da gudun ƙasa. In kuma masu hari suka ƙi sauya kowa, suka ci gaba da bugu cikin hanzari, masu tsaro ba za su samu sukunin gyara kuskurensu ba. Gaba kura, baya siyaki.

Maganin da aka samo

Amsar ita ce a samu mutum ɗaya da zai tsaya a fili ko me aka zo da shi: mai gadin baya wanda ke da tsawo da nauyin da zai iya kokawa da ɗan bakin sahu, da gudun da zai bi shi, da ƙarfin da zai tare mai gudu. Sau da yawa akan saka shi a matsayin mai gadin baya na uku, a cire mai tsaron tsakiya ɗaya ko ƙaramin mai tsaron gefe.

Dabarar ba sabuwa ba ce fil. New York Giants ta yi amfani da masu gadin baya uku, Antrel Rolle da Kenny Phillips da Deon Grant, a kakar da ta doke New England Patriots da maki 21 da 17 a Super Bowl na Fabrairun 2012, lokacin da Patriots ke taƙama da 'yan bakin sahu biyu. Adalci ne a ce Gronkowski ya buga wannan wasa da rauni a idon sawu. Seattle Seahawks kuma ta samu Kam Chancellor, mai mita 1.91 da kilo fiye da 100, wanda ya sa masu cafke ke shakkar bi ta tsakiyar fili, har ƙungiyar ta lallasa Denver Broncos da maki 43 da 8 a Fabrairun 2014.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, dabarar ta tashi daga ta wucin gadi ta koma ginshiƙi. Dokokin wasan ma sun tura ta can. Tun 1978 aka hana mai tsaro taɓa mai cafke bayan ya wuce yadi biyar, aka tsananta hukuncin a 2004, sannan aka ƙara dokokin hana dukan kai ga wanda ke cikin cafe ƙwallo. Tsoratarwa da karo ta rage tasiri. Yanzu dole mai tsaro ya riga ƙwallon isa, ko ya sa dogon hannu ya kaɗe ta. Shi ya sa tsawo da faɗin hannu suka yi daraja.

Mike Macdonald, wanda ya tsara tsaron Ravens a 2022 da 2023, shi ne ya riƙa yawo da Hamilton daga baya zuwa gefen sahu zuwa tsakiya, har majefi ya rasa gane aikin da aka ba shi. Da Macdonald ya zama babban kocin Seattle a 2024, sai ya nemi irinsa. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2025 Seattle ta yi musayar gurabe don ta matsa gaba, ta ɗauki Nick Emmanwori na Jami'ar South Carolina a lamba ta 35. Tsawonsa mita 1.91, nauyinsa kilo 100, ya kuma gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.38 a gwajin shiga gasar. Iyayensa 'yan Najeriya ne.

Lissafin kuɗi

Ƙungiyoyin NFL na aiki ne ƙarƙashin ƙayyadadden kasafin albashi, don haka kowace dala da aka kashe a nan an rage ta a can. A 2025 Ja'Marr Chase, mai cafke na Cincinnati Bengals, ya sa hannu a kan dala miliyan 161 na shekara huɗu, wato kimanin miliyan 40 a shekara. A shekarar ce George Kittle na San Francisco 49ers, ɗaya daga cikin fitattun 'yan bakin sahu, ya samu miliyan 76.4 na shekara huɗu, kimanin miliyan 19 a shekara. Ke nan ƙungiya na iya samun aikin mai cafke a rabin farashi, da ƙarin turewa kyauta.

'Yan wasan sun san ana cin gumin nasu. A 2014 Jimmy Graham na New Orleans Saints ya kai ƙara, yana cewa tun da akasarin lokaci a gurbin masu cafke ake tsayar da shi, a biya shi kuɗinsu. Kuɗin ɗan bakin sahu kimanin dala miliyan 7 ne, na mai cafke kuma kimanin miliyan 12, a shekara ɗaya. Mai sasantawa ya yanke cewa shi ɗan bakin sahu ne. Sunan gurbi ya rinjayi aikin da ake yi a cikinsa.

Arhar 'yan bakin sahu ce ta sa suka yawaita, yawaitarsu kuma ta ɗaga farashin masu tsare su. Hamilton na karɓar kimanin dala miliyan 25 a shekara. Mai gadi ya fi wanda yake gadi albashi.

Girma kaɗai bai isa ba

Da jiki ne kawai, da Isaiah Simmons ya fi kowa. Tsawonsa mita 1.93, nauyinsa kilo 108, gudunsa ya kusa na Emmanwori. Arizona Cardinals ta ɗauke shi a lamba ta 8 a 2020, ana cewa an samu maganin 'yan bakin sahu. Ta gwada shi a tsakiya, ta gwada shi a baya, bai zauna daram a ko'ina ba. A Agustan 2023 ta miƙa shi ga Giants a kan gurbin zaɓe na zagaye na bakwai, wato na ƙarshe. Hamilton kuwa, da aka gwada gudunsa kafin zaɓen 2022, bai burge ba, wanda hakan na cikin abin da ya sa ya sauko har lamba ta 14.

Bambancin yana cikin ka. Mai gadin baya yana fara bugu ne yana ja da baya, idonsa ɗaya a kan majefi, ɗaya a kan wanda yake bi. Cikin daƙiƙa biyu ko uku dole ya gane ko gudu ne ko jifa, ya karanci tsayuwar ɗan bakin sahu, ya tuna abin da wannan ƙungiya ta saba yi in ta jeru haka, ya kuma sanar da abokansa. Kelce ya shahara ne da gano ɓarakar da ke tsakanin masu tsaro biyu ya tsaya a cikinta, sau da yawa ba tare da bin hanyar da aka zana masa ba. Wanda zai tsare shi sai ya ga irin wannan sau dubbai. Ko ya gani ma, kamar yadda wasan Baltimore ya nuna, jifa mai kyau na iya fin tsaro mai kyau. Abin da babban mai gadin baya ke saya wa ƙungiya shi ne raguwar ɓarna da 'yancin ɓoye niyya, ba tabbacin nasara ba.

Abin da ake ɗauka daga Najeriya

A nan ne zancen ya dawo gida. Tun 2017 NFL ke da shirin shigo da 'yan wasa daga wajen Amurka. Osi Umenyiora, wanda ke cikin Giants ɗin nan ta 2012, shi ke jagorantar neman samari a Afirka. An yi sansani a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. Daga 2024 kowace ƙungiya cikin 32 na da ƙarin gurbi ɗaya a rukunin 'yan atisaye domin ɗan ƙasar waje. Cleveland Browns, wadda ta ɗauki ɗan bakin sahu David Njoku a 2017, shi ma ɗan iyaye 'yan Najeriya, ta samu izinin tallata kanta a ƙasar nan.

A dubi waɗanda aka ɗauka kai tsaye daga Najeriya: Roy Mbaeteka, Haggai Ndubuisi, C.J. Okoye. Akasarinsu ƙartin sahu ne, na hari ko na tsaro, waɗanda suka fara wasan suna manya. Dalili a fili yake. A sahu, jiki da ƙarfi na iya rufe ƙarancin sani na ɗan lokaci. A gadin baya babu abin da ke rufe shi. Emmanwori da Njoku a makarantun Amurka suka tashi, da masu horarwa da filaye da faifan bidiyon wasanni tun suna sakandare. Jini ɗaya ne da na samarin da ke Legas ko Gwarzo. Abin da ya raba su shi ne shekarun koyo.

Wannan tsohon labari ne a ƙasar Kano. An daɗe ana fitar da gyaɗa da fata da auduga ɗanye, a sarrafa su a wani wuri, ribar ta zauna can. Yanzu jikin matasa ne ake aunawa da tef da agogo. Arewa ma ko a wannan kasuwa tana bayan layi, duk da cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta kafa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko na wasan a ƙasar, wato Titans, wadda ta kara da Lagos Marines a Legas a 2016.

Farashin da jiki ke biya

Kafin wani ya yi sha'awar miliyoyin, ya san abin da ake bayarwa. Rauni a wuya ne ya kawo ƙarshen wasan Kam Chancellor a kakar 2017, bai kai shekara 30 ba. Likitan da ya fara bayyana cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a jikin tsohon ɗan wasan NFL ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, wanda ya binciki gawar Mike Webster a 2002 ya wallafa sakamakon a 2005. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka samu cutar a ƙwaƙwale 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da aka ba su. Iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi bayar da gawarwakin, don haka adadin bai wakilci dukan 'yan wasa ba, amma ya isa gargaɗi.

Babban mai gadin baya yana cikin waɗanda suka fi shan karo, domin an matso da shi kusa da ƙarti. A ƙaramar hukumar da babban asibiti ɗaya ke ɗauke da garuruwa da ƙauyuka masu yawa, kawo wasan karo da kai ba tare da kwalkwali mai inganci da likita a bakin fili ba, ganganci ne. Jihar Kano ba ta manta da 31 ga Mayun 2025 ba, ranar da motar tawagarta da ke dawowa daga Bikin Wasanni na Ƙasa a Ogun ta faɗa daga gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, fiye da mutum 20 suka rasu. Tambayar wa ke ɗaukar nauyin lafiyar ɗan wasa ba baƙuwa ba ce a nan.

Ƙofar da ba ta da tsada

Akwai reshen wasan da ba a karo a cikinsa. A ƙwallon tuta, mutum biyar-biyar ne, kowa da ƙyalle biyu a ƙugu. In an fizge ƙyallen mai riƙe da ƙwallo, bugu ya ƙare. Babu kwalkwali, babu sulke, filin bai kai rabin na ƙwallon ƙafa ba. A Oktoban 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a buga shi a Los Angeles a 2028. A Yunin 2025 Najeriya ta lashe gasar Afirka ta farko a Alƙahira, maza da mata.

Kusan dukan abin da ake yi a ƙwallon tuta jifa ne da cafkewa da bin mutum. Wato shi ne makarantar da ke koyar da abin da Simmons ya yi fama da shi, Hamilton kuma ya ƙware a kai: ja da baya, karanta majefi, rufe ɓaraka. Ba ya koyar da kayar da ƙato, amma wannan ana iya koyonsa daga baya, ga wanda ya zaɓa da saninsa. Yaran da suka tashi da langa, inda ake kare ruwa har ya kai gida yayin da abokan gaba ke neman kayar da shi, ba za su ɗauki lokaci ba kafin su gane wasan.

Ba wanda zai ce ƙwallon tuta ce babbar buƙatar Lakwaya. Manomi na neman taki da hanya, ajujuwa na neman rufi da malamai, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Kuma cikin dubban da za su buga, da wuya ɗaya ya ga Amurka. Amfanin wasa a makaranta yana ga sauran dubban: lafiya, horo, da dalilin zuwa aji.

Kuɗin wasanni ma ba baƙo ba ne a mazaɓar Gwarzo da Kabo. Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin, ɗan Kabo ne, kuma ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, Barau FC, ta hau babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya a 2025. Gasannin kofi da 'yan siyasa ke ɗaukar nauyi kuwa kowane matashi ya san su, ya kuma san lokacin da suke yawaita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ba ya ɗaukar hoto: malamin motsa jiki mai horo a firamare, fili mai shinge da ba za a yanka a sayar ba, da jadawalin gasar makarantu da ke gudana ko ana zaɓe ko ba a yi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar na jan ƙafa, amma hukuncin ya ba matasa hujjar zuwa wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da tambayoyi masu amsa a takarda. Nawa aka ware wa wasannin makarantu a kasafin bana, kuma nawa aka saki? Makarantu nawa ne a Gwarzo da Kabo ke da malamin motsa jiki? Filayen makarantu nawa ne aka ci da gini cikin shekara goma? In kuma wani ya zo garin da tef da agogo yana alƙawarin kai yaro waje, wace hukuma ce ta tantance shi, kuma wa zai biya asibiti in yaron ya dawo da rauni?